Hanyar Allura

A Agege, bayan layin dogo,
ɗakinmu na rawa duk sa'ad da jirgi ya wuce.
Shekara talatin Baba na bakin ƙofar nan
yana zana huluna da alƙalamin kara.
Yanzu yana ta rufe masa ido,
hannun ne ya rage, shi kuwa bai manta komai ba.

Na ce zan kwashe zanensa in sa a takarda,
ba ta ratayewa ba, ta ɗinkawa:
mai saye ya zura zare, ya bi sawu,
ya huda inda Baba ya taɓa hudawa.
To, da me zan buga?

Na fara da kwalin sabulu.
Na yanke furanni da reza, na dangwala shuni da soso.
Bugun farko ya fito fes,
na biyar ya soma hawaye,
kafin na tara kwalin ya sha laima ya kwanta.
Iskar Ikko ba ta san bushewa ba.

Mama Ronke, mai buga rigunan anko a Mushin,
ta ara mini raga ɗaure a katako.
"Ja sau ɗaya, Barira, kar ki waiwaya."
Na ja.
Ɗari kafin la'asar, uwa ɗaya uba ɗaya.
Sai dai fentin ya hau takarda ya yi ƙanzo,
allura na shiga yana tsagewa,
ga kuɗinsa ya haɗiye na cefane.

Har tsohon silifas ban bari ba.
Na sassaƙa dagi a tafinsa,
na danna, ya lotsa,
layuka suka cakuɗe
kamar Oshodi ranar ruwan sama.

Ranar Asabar na shiga danfo zuwa Ebute Meta,
inda gumagumai ke kwance cikin ruwa kamar kadoji.
Wani mai zarto ya ba ni guntun da ya yar,
bai karɓi ko sisi ba.
Kwana huɗu ina ƙwaƙule shi da askar Baba,
komai a juye, dama ta koma hagu,
abin da na cire shi ne fari,
abin da na ƙyale shi zai yi magana.
Sau biyu askar ta ɗanɗani yatsana.

Takarda kuwa, cikin buhun siminti na ɓare,
ita ce ba ta tsoron huji.
Na yayyafa mata ruwa, na kifa ta a kan itacen,
na yi ta murza da bayan cokali
har kafaɗa ta ce ya isa.
Da na ɗaga, raina bai so ba:
tawada ta koɗe a kusurwa,
reshe ɗaya ya karkace.

Da dare na jera su huɗu a tabarma,
ina lissafin wanne zai sayu a Balogun.
Baba ya miƙo hannu.
Ya shafa na kwali: "Babu kowa a nan."
Ya shafa na raga: "Santsi."
Na silifas dariya kawai ya yi masa.
A kan na huɗu yatsansa ya tsaya,
ya faɗa ɗan kwarin da itace ya bari,
ya bi shi, ya sha kwana, ya koma mafari.
"Wannan hanya ce," ya ce.
"Reshen nan kin karkata shi.
Zura mini kore."

Jirgin ƙarfe tara ya zo, kwanuka suka yi ta kaɗawa,
allurar ba ta kauce ba.
Ni ce riƙe da fitila,
sai can na tuna
ba shi nake haska wa ba.